Ranar da Baba Mai Tsani Ya Cika Gwaggo da Fasinja

Idan ka taɓa shiga jirgin kamfanin ƙasa, to ka taɓa taka tsanin Baba Mai Tsani, ko ka lura da shi ko ba ka lura ba. Shi ne dattijon nan mai rigar aiki ruwan lemo da ke tsayawa a gindin matakala yana ce wa kowa "a sauka lafiya", sai ka ce baƙinsa ne yake rakiya. Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi: jirgi ya tsaya, ya kawo tsani ya manna a bakin ƙofa, ya hau ya ƙwanƙwasa, a buɗe. In an gama shiga ya janye abinsa. Ba aiki ne da ake zuwa wata doguwar makaranta dominsa ba, amma ka kuskura ka faɗa masa haka, za ka sha bayani har sai ka yi da-na-sani. A wurinsa matuƙi iyakarsa ya kai mutane sama. Wanda ke sauko da su ƙasa da ƙafafunsu, shi ne.

Ya shigo kamfanin tun ana tura tsani da hannu, ƙarti suna nishi suna zufa. Daga baya aka kawo mota mai tsani a gadon baya, a kanta ya koyi tuƙi, kuma har gobe ita kaɗai ya iya tuƙawa. Shi ya sa duk motar da ta fi tafiyar ƙafa sauri, a ganinsa ganganci ne. A wancan zamani jiragen kamfanin sun cika filin, har faɗa ake a kan wurin ajiye su. Shugabanni suka yi ta zuwa suna tafiya. Kowanne ya zo da taswirarsa, ya buɗe layi zuwa wani birni mai nisa da babu mai zuwa, ya sake wa jelar jirage fenti, ya ɗauki hoto, sannan a sallame shi. Duk Baba ne ya kawo musu tsani, da ranar zuwansu da ranar tafiyarsu.

A ƙarshe jirage uku suka rage. Biyu manya, su ne masu fita waje. Na ukun ƙarami ne mai farfela, ma'aikata suna kiransa Gwaggo, saboda ta tsufa, ga mita, ba ta tashi sai ta yi tari ta yi ƙorafi, amma ba ta taɓa yar da kowa a hanya ba.

Yadda ukun nan suke rayuwa kuwa, da aro ne. Babban makanikin kamfanin, aminin Baba, sunansa ma ya ɓace, kowa Sarkin Aro yake ce masa. In fitilar wannan jirgi ta mutu, ya ciro ta wanda ke hutawa ya sa masa. In wancan zai tashi gobe, ya mayar. Taya, labule, ƙofar banɗaki, babu abin da bai yi yawo tsakanin jiragen nan ba. In aka tambaye shi sai ya ce, "Mu fa ba mu rasa komai ba a kamfanin nan. Sai dai ba a lokaci ɗaya muke da su ba."

A gida, Baba na da matarsa, wadda duk filin jirgin ke kira Inna. Tela ce, kekenta na nan a baranda ƙarƙashin taga, kuma da wuya ka sami ma'aikacin da rigar aikinsa ba ta taɓa kwana a kan keken nan ba. Maɓalli ya fita, Inna. Zif ya lalace, Inna. Wani ya yi ƙiba wandon kamfani ya ƙi shiga, Inna za ta buɗe masa ƙugu ta haɗa masa da faɗa kyauta. Zaman keken ne ya ci mata baya, har ta kai in ta zauna a mota aka faɗa rami ɗaya, sai ta yi mako a kwance.

'Yarsu tilo ma'aikaciyar jinya ce. Aiki ya kai ta wani gari can bayan duwatsu, ta yi aure a can ta zauna. Hanyar motar garin, ko mai lafiyar baya in ya bi ta sai ya dawo yana neman mai tausa. Jirgi kuwa Gwaggo kaɗai ke zuwa, don titin saukar garin gajere ne, manyan ba sa iya sauka. Baba ya sha lallashin Inna su je, ita kuwa ta kafe.

"Malam, a tsakar gidan nan kake zama da Sarkin Aro kuna hira, ina jinku. Ni ba zan shiga jirgin da aka aro masa taya ba."

"Ai mayarwa ake yi, Innar yara."

"To in an mayar ɗin, ni da me zan sauka?"

Ana nan sai 'yar ta haihu, namiji. Ranar Inna ta riƙe waya tana kallon hoton jaririn har batir ya ƙare. Da Baba ya dawo aiki ya tarar ta sauko da akwati daga kan kabad ita kaɗai, da bayan nata da komai.

"Ko da aron fiffike ne, zan je," in ji ta.

Sauko da akwatin ya kwantar da ita. Likita ya ɗora ta a kan allurai, ya ce kada ta motsa sai ta gama, wato sai Alhamis ta sama. Kafin Alhamis ɗin ta zo kuma sai labari ya ɓulla a kantin ma'aikata: hukumar kamfanin na son sayar da Gwaggo ta ɗauko hayar wani babban jirgi, a rufe layin bayan duwatsu, wai ba fasinja. An ɗauko wata mata daga waje don wannan aiki, tuni ma'aikata suka laƙaba mata Mai Almakashi, don duk layin da ta leƙa sai ta datse shi. Aka ce ran Alhamis da kanta za ta bi Gwaggo ta gani da idonta. In ta ga kujeru wayam, daga ranar an gama.

Abin ya dami Baba. Ba don kansa ba. Ya san in aka rufe layin nan, Inna da jikanta sai dai a waya, don ita ba ta iya hanyar mota, jariri ma ba ya iyawa. Ya zauna a cikin motar tsaninsa ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba, har Gajere, abokin aikinsa da suke karɓa-karɓa a kan motar tun suna samari, ya leƙo ya tambaye shi ko haƙori ne.

Baba ba mutum ne da ke daɗewa cikin tagumi ba. Kafin a tashi aiki ya samo dabara, kuma kamar duk dabarunsa, shi kaɗai ta burge da farko. Kowane ma'aikaci na da tikitin kyauta sau ɗaya a shekara, da sharaɗin sai in kujera ta yi saura. A manyan layuka ba ta saura, a layin Gwaggo kuwa ba wanda ke da abin yi a can, don haka tikitocin a aljihu suke tsufa. To me zai hana duk wanda ba ya bakin aiki ran Alhamis ya fito da nasa? Matar nan fasinja take son gani. A nuna mata fasinja.

Ya bi su ofis-ofis, rumfa-rumfa. Wanda ya yi gardama ya tuna masa wa ta gyara masa wando. Ranar Laraba ya tara su a kanti bayan an kwashe kwanuka, ya hau kan benci.

"Ku saurara da kyau. Gobe babu wanda ya san wani. Ba gaisuwa, ba murmushi. Ku ɗaure fuska kamar waɗanda suka sayi tikiti da guminsu. Ke Mai Shara, ko takarda kika gani a ƙasa, ki tsallake ta."

"Baba, hannuna ne zai ɗauka, ba ni ba."

"Ki zauna a kansa. Kai kuma Sarkin Aro, in ka ji inji ya yi wani ƙara, ba ruwanka, jaridarka za ka karanta."

Gajere ya ce, "Kai fa? Kusa da Inna za ka zauna?"

Baba ya girgiza kai. Ya so tafiyar nan kamar me, ya ƙagu ya ɗauki yaron nan ya ji nauyinsa. Amma ya riga ya yi tunanin.

"Ni fuskata ta yi yawa a filin nan. Matar ta taka tsanina ba sau ɗaya ba. Tana ganina a kujera za ta gane. Ni zan kawo tsani kamar kullum. In layin ya tsira, na je daga baya."

Ran Alhamis da hantsi Baba ya manna tsani a ƙofar Gwaggo ya tsaya a gindi, ga fasinjojinsa nan tafe. Da kyar ya danne dariya. Mai Shara ta sha leshi da baƙin tabarau, tana taku ɗai-ɗai cikin takalmin ƙanwarta. Gajere ya zura kwat da ta fi shi tsawo, riƙe da jakar 'yan kasuwa wadda ba komai a ciki sai silifas ɗinsa. Mai dafa shayin ofis ya manna waya a kunne yana ta ba da umarni a sauke kaya a tashar ruwa, alhali wayar a kashe take. Kowa ya zo wucewa sai ya kawar da kai daga Baba da ƙarfin tsiya, kamar ya ci bashinsa. Fasinjojin gaske 'yan kaɗan da ke cikinsu suna ta mamakin yau ina aka samo jama'a haka.

Mai Almakashi ta zo cikin doguwar riga mai ruwan toka, ba ta da fara'a, ba ta kuma da ɗaure fuska. Baba ya ce mata a sauka lafiya, ta amsa, ta hau.

Inna ce ta ƙarshe, don ta ce ba za ta tsare wa mutane hanya suna kallon yadda take jan ƙafa ba. Baba ya kama hannunta, suka hau a hankali, tana taka matakala tana hutawa.

"Ashe tsawo gare shi haka," in ji ta tana haki.

"Kin ga abin da nake faɗa miki shekara da shekaru."

Suna isa bakin ƙofa ma'aikaciyar jirgin, wadda da ita aka ƙulla komai, ta tare su. Fuskarta ta sauya. Ta rage murya.

"Baba, akwai matsala. Babu kujera."

"Kamar yaya babu kujera? Ni zan manta yawan kujerun Gwaggo? Daidai na gayyato, na bar wa Inna layin baya."

"Layin baya babu shi, Baba. Fili ne kawai a wurin."

Baba ya leƙa ciki. Can ƙarshen jirgin, inda ya kamata a ga kujeru, ba komai sai ramukan ƙusoshi a ƙasa. Ya juyo da ido kan Sarkin Aro, wanda ke ta nutsewa a bayan jarida har hularsa kaɗai ake gani. A makon jiya kujerun babban jirgi suka yage, ya zo ya aro na Gwaggo, tunda a cewarsa ba mai zama a kansu. Ya manta bai mayar ba, ya kuma manta bai faɗa ba.

Inna ta ji komai. Ta dubi cikin jirgin, ta dubi ƙullin kayan jariri da ke hannunta, waɗanda ta ɗinka a kwance, sai ta juya ta kama ƙarfen tsani za ta sauka. Baba ya bi ta da kallo. Tunda ya aure ta bai taɓa jin kunyarta irin ta wannan lokacin ba. Shi ya cika jirgin da hannunsa, ya hana matarsa wuri.

"Inna! Ina za ki? Zo ki zauna nan!"

Mai Shara ce, ta miƙe tsaye, tabarau ya zame mata zuwa kan hanci.

"A'a, Inna, nawa ya fi, kusa da taga ne!" in ji mai shayi, ya manta da kayansa na tashar ruwa.

"Ku bari, bayanta fa! Nan gaba ya fi rashin girgiza, Inna taho!"

Kan ka ce kwabo jirgin nan ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Wannan na jan hannunta, wancan na karɓar ƙullin, wata na kakkaɓe kujera da gefen mayafi. Inna, Inna, ta ko'ina. Baba na daga bakin ƙofa yana ta yi musu alama da ido da hannu su zauna, ina, ba mai kallonsa. Waɗanda suka rage a zaune su ne fasinjojin gaske, da Mai Almakashi.

Sai da hayaniyar ta lafa sannan suka farga sun tona wa kansu asiri. Aka yi cirko-cirko. Mai Almakashi ta waiwayo tana binsu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah. Duk jirgin nan 'ya'yan mace ɗaya ne?" Ta tsai da ido kan mai leshi. "Baiwar Allah, ba ke kike share ofishina ba?"

"Ni ce, ranki ya daɗe. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Kai kuma da safen nan ka kawo mini shayi."

"Ya yi daidai, ranki ya daɗe? Sukarin bai yi yawa ba?"

"Wa ya haɗa wannan?"

Duk idanu suka tafi bakin ƙofa. Mutanen kirki ne, sai dai ba a ba su ajiyar sirri.

Baba ya cire hular aikinsa. "Ni ne, ranki ya daɗe. Kada a taɓa kowa. An ce in kin ga ba fasinja za ki rufe layin. Wannan matata ce, jikanmu na fari yana can, ita kuma ba ta iya hanyar mota. Shi ne na ce bari in aro miki fasinja."

Mai Almakashi ta rufe baki da hannu. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda mutum ya daɗe bai yi ba, har tana share hawaye. Jirgin duka ya ɗauka, har fasinjojin gaske da ba su gama gane zancen ba. Da ta nutsu sai ta dubi Baba, muryarta ta yi laushi.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. An riga an sayar da jirgin nan tun kafin a ɗauke ni aiki. Ko cika ya yi har kan fiffike, ba abin da zai sauya. Ni zan je ne in faɗa wa ma'aikatanmu na can baki da baki, don bai kamata su ji a bakin duniya ba. Zai ci gaba da zuwa har ƙarshen wata, daga nan shi ke nan."

Maganar ta soki Baba. Ya dafa bangon Gwaggo. Duk wahalar nan, da leshi da kwat da jarida, ashe an gama magana tun tuni a wani ɗaki mai sanyi.

Inna ta gyara tsayuwa. "To tunda asiri ya tonu, a ba ni wuri in zauna. Bayana ya fara."

Sarkin Aro ya naɗe jaridarsa ya miƙe. "Ga nawa, Inna. Ni na cinye kujerun, ni zan sauka."

"Ka kyauta. Ka biyo ka karɓi rigarka in na dawo, na sa mata maɓallin."

Gajere ma ya fito daga layinsa, ya tuɓe kwat ɗin ya rataya a kafaɗa, ya miƙa wa Baba hannu. "Kawo makullin motar."

"Na me?"

"Fuskarka da kake ɓoyewa ai an gama ganinta. Wuce ka zauna kusa da matarka, ni zan janye tsanin."

"Kai, ina bakin aiki fa." Baba ya saci kallon Mai Almakashi.

Ita kuwa ta juya tana kallon taga. "Ni fiffike nake dubawa. Ban ga komai ba."

Haka Baba Mai Tsani ya zauna a kujera da rigarsa ruwan lemo, yana leƙen Gajere ta taga yana gunagunin ya cika saurin ja da baya. Gwaggo ta yi tarinta, ta yi mitarta, ta tashi. Inna ta damƙe masa hannun riga ta rufe ido tana addu'a. Can da suka daidaita a sama ta buɗe ido ɗaya, ta leƙa, ta ga duwatsu sun zama kamar tsibin ƙasa a bakin gini. Daga nan ba ta sake rufewa ba, har tana zungurinsa ya dubi wani kogi.

Filin jirgin garin ɗan ƙarami ne, ɗaki ɗaya da shingen waya. Suna sauka suka hango 'yarsu a bakin shingen, ta rungumo abu cikin tawul. Inna da ta hau tsani tana hutawa, a saukowa ba ta jira hannun kowa ba.

Inna za ta zauna har jirgin ƙarshe. Baba kuwa da wannan jirgin zai koma, kuma Gwaggo ba ta daɗewa a ƙasa, ta sauke ta ɗauka ne ta juya. Sai da Inna ta gama sumbatar yaron, ta duba yatsunsa, ta yi kukanta ta share, sannan ta miƙa wa Baba. Ma'aikatan kamfanin suka kewaye shi da leshinsu da tabaransu, kowa na faɗin wanda yaron ya ɗebo. Bai ko gama gyara riƙon ba ma'aikaciyar jirgin ta matso tana duban agogo.

"Baba, ka yi haƙuri, lokaci ya yi."

Baba ya ɗaga kai. Bai miƙa yaron ba. Kyaftin ɗin jirgin, wanda ya sauko miƙe ƙafa, ya dubi dattijon, ya dubi Mai Almakashi da ta fito daga ɗakin ma'aikatan da jajayen idanu. Ta ɗan gyaɗa masa kai.

"Bar shi," in ji kyaftin. "Kamfanin nan bai taɓa tashi a kan lokaci ba, ba yau za mu fara ba."

Aka kwashe da dariya. Baba ya sunkuyar da kai kan jikansa, yaron ya buɗe ido ya yi hamma.

"Malam, tallafe masa kai," in ji Inna. "Ka zauna ma, ba inda za su je."